Thierry Sabine: Shekara 40 da mutuwar mai tseren Paris-Dakar, har yanzu da sauran lissafi

Da almurun ranar Talata, 14 ga Janairun 1986, wani jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a kan tudun rairayi kusa da garin Gourma-Rharous, a gaɓar kogin Neja da ke arewacin Mali. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya fita da rai.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Thierry Sabine, Bafaranshe ɗan shekara 36, ɗan kasuwa kuma ɗan tsere, wanda ya ƙirƙiro gasar motoci da babura ta Paris-Dakar. Dattawan Agadas da Arlit da Tawa da Yamai ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan gasa. Sun ga ƙurarta da idonsu, wasu sun ci abinci da ita, wasu kuma ta bar musu tabo.

Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A watan Janairun 2026 shekara 40 ta cika da wannan haɗari, don haka lokaci ya yi da za a auna aikin mutumin a kan sikeli.

Sabine ya cancanci a tuna da shi. Jarumi ne, gwanin kasuwanci ne, kuma bai tura kowa inda shi bai sa ƙafarsa ba. Amma duk tunawar da ta tsaya a nan ta tauye mudu, domin kasuwancin da ya gina a kan ƙasar wasu ya tashi ya bar masu ƙasar da bashin da har yau ba a biya ba.

Ɗan masu hali da ya ɓata a hamada

An haifi Sabine ranar 13 ga Yunin 1949 a Neuilly-sur-Seine, unguwar masu hannu da shuni a gefen birnin Paris. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne mai sha'awar tseren mota, saboda haka yaron ya tashi da ƙarar inji a kunnensa.

A duniyar tsere direbobi iri biyu ne. Akwai waɗanda kamfani ke ɗauka aiki, ya ba su mota da kanikawa da albashi, su kuma su kawo masa kofi. Akwai kuma waɗanda ke zaro kuɗi daga aljihunsu, ko su nemo daga masu talla, su haɗa motarsu su shiga fili don sha'awa da neman suna. Ranar Litinin kowa ya koma shagonsa ko ofishinsa.

Daga rukuni na biyun nan Sabine ya fito. A tsakiyar shekarun 1970 ya shiga gasar awa 24 ta Le Mans da motar Porsche, ya kuma taɓa tseren kan hanya. Baiwarsa tana wani wuri dabam: ya san abin da ke sa mutum mai rufin asiri ya bar gadonsa mai laushi ya biya kuɗi don ya sha wuya.

A 1975 ya gwada wannan baiwa a garin Le Touquet da ke arewacin Faransa, inda ya shirya tseren babura a kan yashin bakin teku, ɗaruruwan mahaya su tashi lokaci guda. Har yau ana yin wannan gasa.

Sai 1977, lokacin da ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice a kan babur. A can ƙuryar sahara, wajen iyakar Nijar da Libiya, ya saki hanya. Ya yi kwanaki shi kaɗai cikin rana da ƙishirwa kafin wani jirgin sama ya hango shi.

Wani da ya tsira daga irin wannan zai rantse ba shi ba hamada har abada. Sabine ya koma gida da tunanin yadda zai kawo wasu su ɗanɗani abin da ya ɗanɗana, su kuma biya shi.

Ayarin masu kuɗin aljihu

Ranar 26 ga Disamban 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro a Paris. Tafiyar kusan kilomita 10,000 ce, ta Aljeriya, Nijar, Mali, Upper Volta wadda yanzu ake kira Burkina Faso, har zuwa Senegal. Guda 74 ne kawai suka isa Dakar ranar 14 ga Janairun 1979.

Wani matashi mai suna Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur Yamaha XT500. A ɓangaren motoci, Alain Génestier ne a gaba da Range Rover. Wani kamfanin lemon kwalba mai suna Oasis ne ya ɗauki nauyin gasar, abin da ke nuna cewa tun ranar farko da kasuwanci aka fara.

Abin da ya bambanta Paris-Dakar a shekarunta na farko shi ne ƙofarta a buɗe take ga duk mai iya biyan kuɗin shiga. Wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga da ƙaramar Renault 4, daga baya a 1982 suka lashe gasar da Renault 20. A 1980 an ga masu Vespa a cikin rairayi. A 1981 wani ya shigo da Rolls-Royce da kamfanin turare ya ɗauki nauyinta. A 1985 har Yarima Albert na Monaco da yayarsa Gimbiya Caroline sun shiga.

Ba a san GPS ba a lokacin. Abin da ɗan tsere ke da shi shi ne littafin kwatancen hanya, na'urar nuna alƙibla, da sawun waɗanda suka riga shi wucewa, in iska ba ta shafe ba.

Shi kuwa Sabine, kowace safiya sai ya fito cikin fararen kaya ya tara jama'arsa, ya gaya musu abin da ke gabansu. Wanda ya san tarihin fatake zai gane wannan matsayi nan take. Madugu ne, uban tafiya: shi ke yanke zango, shi ke sanin rijiya, shi ake kuka da shi in an ɓata.

Taken da ya yi wa gasar ya shahara: ƙalubale ga waɗanda suka tafi, mafarki ga waɗanda suka zauna a gida. Magana ce mai daɗin ji, kuma ta sayar da haja. Sai dai mutum iri biyu kawai ta ambata, matafiyi da ɗan kallo a gaban talabijin. Mutum na uku, wanda ayarin ke ratsa ƙofar gidansa, babu shi a cikin taken. Nan ne tushen matsalar.

Yadda haɗari ya zama haja

Kuɗin gasar daga wurare uku suke fitowa: kuɗin shiga da 'yan tsere ke biya, kuɗin kamfanonin talla, da hotunan da ake nunawa a talabijin. Dukkan ukun suna ƙaruwa ne gwargwadon yadda labarin ya girgiza mutane, kuma babu abin da ke girgiza mutane kamar ɓata da mutuwa.

A Janairun 1982, Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta lokacin Margaret Thatcher, ya ɓace a saharar Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu a cikin Peugeot 504. Kwana shida ana nema kafin jirgin sojin Aljeriya ya gano su. Jaridun duniya suka ɗauka. Gasar da a da Faransawa kaɗai suka damu da ita ta shiga bakin kowa, ba tare da Sabine ya biya ko sisi na talla ba.

A 1983 ya kai ayarin cikin Tenere a karon farko. Guguwar rairayi ta taso, kimanin 'yan tsere 40 suka ɓace. Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu har aka tattaro su duka da rai.

Wannan labari ne masoyansa suka fi kawowa, kuma suna da gaskiya. Mai gasar da zai iya zama a otal yana jiran rahoto, shi ne ya shiga cikin guguwar da kansa. Amma a tuna, shi ne ya zana hanyar da ta kai su can. Ceton gaskiya ne, haɗarin ma shiryayye ne, kuma dukkansu sun ƙara wa gasar farashi.

Da sunan gasar ya yi tsada sai manyan kamfanoni suka shigo. Jacky Ickx, gwarzon Le Mans, ya ci a 1983 da Mercedes. Porsche ta ci a 1984 da 1986, Mitsubishi Pajero a 1985, Peugeot ta karɓe fili daga 1987. Suka zo da jiragen sama, manyan motocin kayan gyara da rundunar kanikawa.

Daga nan ɗan tseren aljihu ya koma ɗan rakiya. Gudu ya ƙaru, nauyin motoci ya ƙaru, ayarin ya kumbura. Hanyoyin da ake bi kuwa suna nan yadda suke: turbar da mata ke bi zuwa rijiya, yara ke kora awaki, jakai ke ɗaukar itace.

Abin da Agadas ta samu

Zalunci ne a ce gasar ba ta amfani kowa ba a wannan yanki. A shekaru da dama a Agadas ake yin hutun tsakiyar tafiya, kuma a 1997 ma sunan gasar Dakar-Agadez-Dakar. Idan ayarin ya sauka, gari ya cika. Masu masauki, masu sayar da mai, kanikawa, masu walda, maƙeran azurfa, dukawa, masu abinci da direbobin da suka san hamada, kowa na samun rabonsa.

Hotunan tsaunukan Abzin, tuddan yashin Tenere da hasumiyar babban masallacin Agadas sun shiga ɗakunan miliyoyin Turawa. Wasu da suka gani a talabijin sun biyo baya a matsayin 'yan yawon buɗe ido.

Mano Dayak, ɗan Abzin da ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages a Agadas, ya yi aiki da Sabine wajen shirya ratsa hamada. Shi ne wanda daga baya ya zama ɗaya daga jagororin tawayen Abzinawa, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disamban 1995, kuma yau filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba irin cinikin da kyau. Na masu gari shi ne ladan aiki na 'yan kwanaki: a yi jagora, a ɗauki kaya, a sayar da mai da ruwa. Sunan gasar, ikon zaɓen hanya, kuɗin talabijin da kuɗin talla, duk suna Paris a hannun kamfanin Sabine.

Abzinawa da Hausawa da Tubawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ratsa Tenere da raƙuma zuwa Fachi da Bilma don ɗauko kantun gishiri da dabino. Ilimin hanyar nasu ne. Sabine ya zo ya same shi, ya yi hayarsa da araha, ya sayar da labarin da tsada.

Waɗanda ba a sa a lissafi ba

Gasar ta ci rayukan 'yan tsere da dama, kuma ana tunawa da su da suna da hoto. Fabrizio Meoni, ɗan Italiya da ya ci gasar babura sau biyu, ya mutu a Muritaniya a 2005. Andy Caldecott na Ostireliya ya bi shi a 2006. Waɗannan manya ne da suka san haɗarin, suka sa hannu a takarda, suka shiga da ƙafarsu.

Akwai wasu matattun da ba su sa hannu a komai ba. A 1988 motar tsere ta kashe yarinya 'yar shekara 10 a Mali tana tsallaka hanya. A wannan shekarar dai motar masu ɗaukar fim ta kashe wata uwa da 'yarta a Muritaniya. A 2005 babbar motar rakiya ta take yarinya 'yar shekara biyar a Senegal. A 2006 yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal.

Irin waɗannan sukan samu layi ɗaya ko biyu a ƙasan labari, bayan an gama lissafa wanda ya zo na ɗaya da tazarar mintoci nawa.

Za a ce waɗannan mace-macen bayan rasuwar Sabine suka faru. Haka ne, amma tsarin da ya haifar da su nasa ne: a saki motoci masu gudun tsiya a kan hanyar da ba a rufe ba, a ƙasashen da asibiti ke da nisan yini guda. A Faransa ba za a bar kowa ya yi haka ba. A can sai an rufe hanya, an kafa shinge, an ajiye 'yan sanda da motar asibiti. Wani ɓangare na abin da ya sa Afirka ta yi wa gasar daɗi shi ne rashin waɗannan sharuɗɗa.

Za a kuma ce haɗarin mota na yau da kullum ya fi wannan kisa nesa ba kusa ba. Shi ma haka ne. Sai dai direban da ya ɗauko buhunan gero zuwa kasuwa yana kan bukatar jama'a ne. Wanda ya kashe yaro yana wasa, don kamfanin taba ko na turare ya samu hoto, hukuncinsa a zuciyar iyayen yaron dabam ne.

Tun a lokacin ma ba kowa ya yi shiru ba. A Faransa, masanin harkar noma René Dumont na cikin waɗanda suka soki gasar. A 1988 jaridar fadar Vatican ta kira ta baje kolin ƙarfi da dukiya a wuraren da mutane ke mutuwa da yunwa da ƙishirwa. Kada a manta, shekarun da gasar ta fi tashe su ne shekarun da fari na 1984 da 1985 ya ƙarar da dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a faɗin Sahel.

Laifin bai tsaya kan Bature kaɗai ba. Gwamnatocin ƙasashen da ake ratsawa su suka ba da izini, su suka tarbi ayarin da kaɗe-kaɗe. Suna da ikon cewa a kauce wa ƙauyuka, a rage gudu, a ajiye diyya tun kafin a tashi. Kare ran talaka aikinsu ne kafin ya zama aikin baƙo.

Ranar ƙarshe

Sukar ta isa kunnen Sabine, kuma ya yi wani abu a kai. A gasar 1986 an haɗa da shirin kafa famfunan ruwa a ƙauyukan Sahel. Fitaccen mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, wanda ya taɓa shiga gasar a matsayin ɗan tsere, a wannan karon saboda famfunan ya zo.

Ranar 14 ga wata ayarin ya taso daga Yamai. Sabine da Balavoine suka tsaya a Gao, suka makara, sannan suka kama hanyar Gourma-Rharous inda aka yi zango. Duhu ya same su a sama, ga iska mai ɗauke da rairayi. Saura 'yan kilomitoci kaɗan su isa jirgin ya faɗi.

Tare da su aka rasa matuƙin jirgin, François-Xavier Bagnoud ɗan shekara 24, da 'yar jarida Nathalie Odent, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Ranar ta zo daidai da cikar shekara bakwai da isar ayarin farko Dakar.

Ba a dakatar da gasar ba. An ci gaba har Dakar, René Metge ya ci da Porsche 959, Cyril Neveu ya ci da Honda. Dokar da Sabine ya kafa, cewa ayari ba ya tsayawa don wani ya faɗi, ta hau kansa shi ma.

An ƙona gawarsa, aka watsa tokar a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a Tenere, wadda tun daga nan ake kira da sunansa. Ba ita ce shahararriyar bishiyar Tenere da wani direban babbar mota ya kaɓe a 1973 ba, wadda gangar jikinta ke gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Mutumin da ya zaɓi ƙasar Nijar ta zama makwancinsa, da wuya a ce ƙaunar da yake wa wurin ta baki ce.

Famfo abin alheri ne, wanda ya sha ruwansa ba zai raina ba. Amma kyauta dabam, hakki dabam. Kyauta mai bayarwa ke yanke yawanta da ranar da zai daina. Hakki kuwa ana rubuta shi, ana bin sa ko mai bayarwa ya mutu. Sabine ya kawo kyauta. Hakkin ne bai kai ga rubutawa ba, waɗanda suka gaje shi ma ba su mayar da masu ƙasa abokan tarayya ba.

Baƙo raɓa ne

Mahaifinsa Gilbert ya riƙe gasar na wasu shekaru, sannan a farkon shekarun 1990 ta koma hannun kamfanin Amaury, mai shirya tseren kekuna na Tour de France.

Daga nan dangantaka da Sahel ta fara tsinkewa. A 2000, saboda barazanar hari, aka kwashe ayarin gaba ɗaya a manyan jiragen dakon kaya daga Yamai zuwa Sabha a Libiya, aka tsallake arewacin Nijar. A ƙarshen Disamban 2007 aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya. Ranar 4 ga Janairun 2008, ana gobe za a tashi daga Lisbon, aka soke gasar.

A 2009 ta koma Ajantina da Chile. Ta yi shekara 11 a Kudancin Amurka, sannan daga 2020 ta koma Saudiyya. Har yau sunanta Dakar, alhali rabonta da Dakar tun 2007.

Babu mai zargin kamfani don ya guje wa harsashi. Abin lura shi ne sauƙin tafiyar. Ba a bar wata makarantar kanikanci ba, ba a bar gasa ta 'yan ƙasa da za ta ci gaba ba. Ɗan wata ƙasar Afirka na farko da ya ci gasar motoci, Giniel de Villiers na Afirka ta Kudu, ya ci ne a 2009, shekarar farko da aka yi ta a wajen nahiyar.

Sunayen kuwa suna nan suna kawo kuɗi. Yamaha na sayar da babur mai suna Ténéré, Volkswagen ta yi shekaru tana sayar da Touareg, Honda na da Africa Twin, Porsche ta fitar da 911 Dakar. Mai babur a Jamus ko Japan ya san kalmar Tenere, ko da bai san a wace ƙasa take ba.

A Agadas kuwa, tawaye da rashin tsaro sun kashe yawon buɗe ido. Da yawa daga direbobi da 'yan jagoran da suka san hamada sun koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta sana'ar, kafin gwamnatin soji ta soke dokar a Nuwamban 2023. Ba Sabine ne ya jawo wannan ba. Amma ya nuna abin da ke faruwa ga garin da ya dogara da kasuwar da mabuɗinta ke aljihun wani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Darasin Kenya da Saudiyya

Akwai wata hanyar, kuma an gan ta a Afirka. Tseren Safari na Kenya ya fara a 1953. 'Yan ƙasar sun riƙa cin sa: Joginder Singh sau uku, Shekhar Mehta sau biyar, Ian Duncan a 1994. Bayan 2002 aka cire shi daga jerin gasar duniya, amma bai mutu ba, domin akwai ƙungiyoyi da direbobi da kanikawa na gida da suka ci gaba da yin sa. A 2021 gasar duniya ta dawo ta same su.

Saudiyya ma da ta karɓi Dakar ba ta tsaya kallo ba. A 2025 ɗan ƙasar, Yazeed Al-Rajhi, attajirin ɗan kasuwa mai tsere don sha'awa, irin mutanen da Sabine ya ƙirƙiri gasar dominsu, shi ya ci ɓangaren motoci a ƙasarsa.

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce. Tun 2009 ana wata gasa mai suna Africa Eco Race da ke bin Maroko da Muritaniya ta ƙare a Dakar. A Disamban 2024 Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na neman karɓar tseren Formula 1. Ranar da tsaro ya dawo Sahel, masu shirya irin waɗannan wasanni za su sake ƙwanƙwasa ƙofa, domin babu inda ya kai Tenere kyau a hoto.

Idan ranar ta zo, akwai abubuwan da bai kamata a sake barin su ga alherin baƙo ba. A zana hanya tare da sarakuna da masu unguwanni da makiyayan da abin zai shafa. A ajiye kuɗin inshora da diyya a rubuce kafin mota ta farko ta tashi. A ba ƙasa da garuruwan da aka ratsa kaso sananne daga kuɗin talabijin da talla. A sa sharaɗin horar da kanikawa da direbobi 'yan ƙasa, da gurbinsu a cikin gasar. Duk wanda ya rasa ransa, ɗan tsere ne ko ɗan kallo, a rubuta sunansa a wuri ɗaya.

Yadda ya kamata a tuna da shi

Thierry Sabine ba waliyyi ba ne, ba kuma ɗan fashi ba ne. Mutum ne mai zuciya da basira, wanda ya ga kyau a inda wasu ke ganin kufai, ya gina babbar kasuwa daga ɓatan da ya yi, ya kuma biya da ransa a kan hanyar da ya zana. Ya ba dubban mutane masu sana'o'i na yau da kullum damar gwada kansu, ya sa duniya ta san sunan Agadas.

Kuskurensa na zamaninsa ne da na ajinsa: ya ɗauki hamada fili ne da babu mai shi, alhali kowace rijiya a cikinta tana da suna da mai ita. Ya mutu yana ɗan shekara 36, a daidai lokacin da ya fara waiwayar mutanen gefen hanya. Waɗanda suka rayu bayansa suka ci ribar sunansa sun samu shekaru da dama na ƙarasa wannan waiwaye.

Masoya tsere za su ci gaba da kai ziyara gindin bishiyarsa in hanya ta yi kyau, kuma babu laifi a hakan. Abin da ya rage shi ne kamfanin da ya gaji gasar, da gwamnatocin da suka ba ta hanya, su tattara sunayen yaran Mali da Muritaniya da Gini da Senegal da ta kashe, su nemi iyalansu, su sa su a cikin tarihin Dakar kamar yadda aka sa zakarunta. Sai an yi haka lissafin Sabine zai cika.